Gidajen caca a Birtaniya: an ba ƙaramar hukuma alƙalami, an ɗaure mata hannu

Jama'a, akwai wani abu a dokar caca ta Birtaniya da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai sai na amayar da shi.

Dokar ta 2005, wadda ta fara aiki gadan-gadan a 2007, ta raba aikin gida biyu. Hukumar kula da caca ta ƙasa ita ke tantance kamfani ta ba shi izinin sana'ar. Ƙaramar hukuma kuma ita ke ba da lasisin wurin da za a buɗe shagon. Da jin haka sai ka ɗauka mutanen unguwa na da ta cewa. Ina!

Sashe na 153 ya umarci ƙaramar hukuma ta karkata ga amincewa. Abu uku ne ginshiƙin hukuncinta: kada wurin ya zama matattarar laifi, kada a yi wa masu wasa maguɗi, sannan a kare yara da masu rauni. Ba ta da ikon cewa shagunan sun wadatar a wannan titi, domin dokar ta hana ta duba ko ana buƙatar wani sabo. Idan mazauna suka ce ba sa son caca saboda tarbiyya ko addini, ba a ɗaukar wannan a matsayin hujja. In ta ƙi, kamfani ya garzaya kotu da manyan lauyoyi, ita kuwa da kuɗin harajin talakawa za ta kare kanta. Ƙaramar hukumar Newham da ke gabashin Landan ta gwada hana wani shago lasisi, aka kayar da ita a kotu a 2013.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne inda shagunan ke taruwa. Ba unguwannin masu hannu da shuni suka fi cika ba, sai inda albashi ba ya kai wa ƙarshen wata. Doka ta ƙayyade na'urar caca huɗu ga kowane shago, sai kamfanoni suka riƙa buɗe shago kusa da shago don na'urorin su yawaita. A da, mutum na iya zuba fam 100 a irin wannan na'ura cikin kowane daƙiƙa 20. Ƙananan hukumomi sun yi shekaru suna kuka kafin a sauko da wannan adadi zuwa fam 2 a Afrilun 2019. Gidaje nawa suka watse kafin nan?

Na san za a ce hani ba ya kashe caca, sai dai ya tura ta ɓoye ko cikin waya. Akwai gaskiya a ciki, kuma shago mai lasisi ya fi sauƙin sa wa ido, musamman wajen korar 'yan ƙasa da shekara 18. Amma ni ba rufe duka nake nema ba.

Ai dokar nan da kanta, a sashe na 166, ta yarda ƙaramar hukuma ta yanke cewa ba za ta ba da lasisin babban gidan caca ba ko ɗaya a yankinta. To me ya sa ba a amince mata ta ce shagunan wannan titi sun isa haka ba? Kansilan da mutane suka zaɓa, wanda ke bin titin kullum, shi ya san shago nawa ke kusa da makaranta. A cire wannan umarni na karkata ga amincewa daga sashe na 153, a bar shi ya ƙirga su kafin ya sa hannu.