Dutse Ba Shi Ne Ya Tsare Tsoffin Biranen Turai Ba

Akwai wata magana da nake yawan ji daga 'yan'uwa a gida duk lokacin da hoton wani tsohon birnin Turai ya faɗo cikin wayoyinsu. Sai ka ji an ce ai Turawa da dutse suka yi gini, mu kuwa kakanninmu da ƙasa suka yi, saboda haka ba abin mamaki ba ne nasu ya tsaya namu ya zube. Na daɗe ina zaune a ƙasar Poland, kuma hutun aiki ya ba ni damar zagaya wasu tsoffin birane na gabashi da arewacin wannan nahiya, tun daga Krakow da Vilnius da Riga da Tallinn har zuwa Bergen a gaɓar tekun Norwe. Abin da idona ya gani ya hana ni yarda da wannan magana, kuma ina ganin tana yi mana illa, domin tana ɗora wa ƙasa laifin da na mutane ne.

Duk baƙon da ya tsaya a dandalin tsohon garin Warsaw, babban birnin Poland, ya dubi gidajen nan masu launi-launi da suka kewaye shi, zai iya rantsuwa cewa sun shekara ɗari uku ko huɗu a tsaye. Alhali a 1953 aka kammala gina dandalin kamar yadda yake a yau. Bayan boren da mutanen birnin suka yi wa sojojin mamaya na Jamus a 1944, an bi garin gida-gida da wuta da nakiya, har fiye da kashi 85 cikin 100 na tsohon garin ya zama kufai. Da yaƙin duniya na biyu ya ƙare, mutanen da ba su ma da wurin kwana suka yanke shawarar mayar da shi yadda yake, lungu da lungu, taga da taga. Suka nemo tsoffin taswirori da awon gine-ginen da aka ɗauka kafin yaƙi, suka koma ga zane-zanen Bernardo Bellotto, wani mai zane ɗan Italiya da ya yi aiki a fadar sarkin Poland a ƙarni na 18 kuma ya zana titunan birnin dalla-dalla, sannan suka tsinto duk tubalin da bai farfashe ba daga cikin ɓaraguzai. Fadar sarki kuwa sai a 1971 aka fara sake gina ta, aka buɗe ta a 1984, kuma da gudummawar jama'a aka yi aikin, har da ta 'yan ƙasar mazauna waje. A 1980 UNESCO, hukumar ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya tsohon garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya, tana sane da cewa sabon gini ne, domin aikin mayarwar kansa shi ne abin da ta karrama.

Haka labarin yake a Riga, babban birnin Latbiya. Ginin da ya fi kowanne fitowa a hotunan 'yan yawon buɗe ido shi ne zauren wata ƙungiyar fatake marasa aure da ake kira Baƙaƙen Kawuna, waɗanda suka ɗauki waliyyin Kirista Maurice, wanda ake zana shi baƙar fata, a matsayin tambarinsu. An fara gina zauren a 1334, yaƙi ya cinye shi a 1941, hukumomin Sobiyet suka kwashe abin da ya rage a 1948. Wanda ake gani yanzu a 1999 aka gama shi, gab da bikin cikar birnin shekara 800.

Amma wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Bryggen, tsohuwar unguwar fatake a bakin tashar jiragen ruwa ta Bergen, domin a can babu ma dutsen da za a kafa hujja da shi. Mafi yawan gine-ginen katako ne, a garin da ruwan sama ba ya rabuwa da shi. Nan ne fataken ƙawancen Hansa, wanda ya haɗa biranen kasuwanci na arewacin Turai, suka riƙa sayen busasshen kifi daga arewa suna kawo hatsi. Gobara ta sha cin unguwar, mafi muni ita ce ta 1702, wata kuma ta sake cin wani sashe a 1955, amma bayan gobarar 1702 an sake ɗora gidajen a kan tsohon tsari, da irin sassaƙar da aka gada. Gine-gine 62 ne suka rage, kuma kusan ko yaushe ka je za ka tarar da wani daga cikinsu an kewaye shi ana aiki, ana cire ruɓaɓɓen gungume ana sa sabo, ana lura da ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa saboda kada harsashin ya nutse. Katakon Bergen bai fi ƙasar Kano ƙarfi ba. Idan aka ɗauke hannu daga gare shi na wasu shekaru, shi ma zai kwanta.

Wannan ne ya sa nake cewa mun fi kusa da mutanen Bergen fiye da yadda muke zato. Ginin ƙasa gini ne da ke rayuwa da hannun mai shi. Maginanmu sun san haka tun fil azal, shi ya sa suke da yaɓe bayan damina, da makuba da laso domin kare bango daga ruwa, da indararo mai tsawo domin kada ruwan soro ya ci gindin katanga, da azara wadda gara ba ta damu da ita ba. Hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da ƙasa aka yi ta, tana nan tsaye saboda ba a daina yi mata yaɓe ba, kuma tsohon garin ya shiga jerin UNESCO a 2013. A Djenne ta ƙasar Mali, duk shekara gari ne ke fitowa ƙwansa da kwarkwata a yaɓe masallaci. Ganuwar Kano, wadda tarihi ya nuna an fara ta a zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15 da kuma bayansa, ta yi ƙarnuka tana shan ruwan damina bai cinye ta ba, domin gyaranta aiki ne da sarauta ke sa jama'a su yi. Bayan Turawan Ingila sun ci birnin a 1903, ganuwa ta rasa aikinta na tsaro, gyara ya tsaya, aka shiga ɗibar ƙasarta ana yin tubali, daga baya aka shiga yanka filaye a kanta. Tun 2007 take cikin jerin wuraren da Najeriya ke fatan gabatarwa ga UNESCO, amma har yau ba ta wuce matakin fata ba, kuma abin da za a gabatar ɗin sai raguwa yake yi.

Ba na so a ɗauka cewa Turawa wasu mutane ne da aka halitta da son tarihi. Su ma sun yi irin ɓarnar da muke yi, kuma da irin hujjojinmu. A farkon ƙarni na 19 aka rushe katangar Vilnius, babban birnin Lituweniya, wadda aka gina tsakanin 1503 da 1522, ƙofa ɗaya tak ta tsira, ita ma saboda akwai wurin ibada a samanta. A Krakow ta Poland an rushe katangar birnin a daidai wannan zamani, aka ce ta tsufa, ta zama matattarar ƙazanta, tana kuma hana gari buɗewa. Ɗan abin da ya rage, wato Ƙofar Florian da hasumiyoyi kaɗan da ginin tsaron da ke gabansu, wani malamin jami'a mai suna Feliks Radwanski ne ya tsaya kai da fata a 1817 har aka bar shi, inda ya kafa hujja da cewa idan aka rushe wannan ɓangare iskar arewa za ta riƙa kwararowa cikin gari tana sa mutane ciwo. Yau wannan guntun bango yana cikin abubuwan da birnin ya fi alfahari da su. Inda suka yi abin koyi shi ne, ba su raba filin katangar ga masu hali ba, sai suka mayar da shi lambu mai itatuwa da ya zagaye tsohon garin, ta yadda mai tafiya a ƙafa zai bi sawun katangar daga farko har ƙarshe ko da ba ya ganin ta. A Kano ma, inda badala ta riga ta tafi, ana iya ceton layinta kafin shaguna su gama haɗiye shi.

Tallinn ta Estoniya ita ce ta fi sa'a, domin kusan kilomita 2 na katangarta na nan da hasumiyoyi kimanin 20, kuma a dandalin garin akwai kantin magani da ke aiki tun aƙalla 1422.

Sai kuma batun siminti, wanda a wurinmu ya zama amsar kowace tambaya. An rushe wasu ƙofofin Kano domin faɗaɗa titi, aka sake gina su da siminti aka shafa musu jan fenti, aka ce an raya tarihi. A Visby, wani tsohon gari a tsibirin Gotland na Suwidin mai katangar dutse ta fiye da kilomita 3, wani sashe na bangon ya rufta a 2012, kuma cikin abubuwan da masu bincike suka ɗora wa alhaki har da simintin da aka yi gyara da shi a ƙarnin da ya wuce, domin yana kulle danshi a cikin bango. Da za a sake ɗaga wurin, sai aka koma ga farar ƙasa irin wadda maginan farko suka yi amfani da ita. Duk maginin gargajiya a ƙasar Hausa ya san wannan ciwo: idan aka lulluɓe bangon ƙasa da siminti, ruwa yakan shiga ta tsaga ya rasa hanyar fita, cikin ya narke a ɓoye, wata rana fatar ta ɓalle gaba ɗaya.

Har shimfiɗar ƙasar da baƙo ke ɗauka halitta ce tsantsa, da yawanta aikin hannu ne. A gaɓar tekun Baltik akwai wani siririn zirin rairayi mai tsawon kilomita 98, wanda Lituweniya da yankin Kaliningrad na Rasha suka raba, ana kiransa zirin Kuroniya. A ƙarni na 17 da na 18 aka sare dazuzzukansa, sai tuddan rairayi suka fara tafiya, suka binne ƙauyukan masunta ɗaya bayan ɗaya. A ƙarni na 19 aka shiga kafa shinge da dasa ciyawa da itatuwa tudu bayan tudu, aikin da ya ci shekaru masu yawa kuma har yanzu ba a saki ba. A kan tudun Parnidis kusa da garin Nida, an shimfiɗa hanyar katako, ba a yarda kowa ya taka gefen tudun yadda ya ga dama ba. Mutumin Yusufari ko na Gure, wanda rairayi ke cin gonarsa, zai gane wannan labari ba tare da tafinta ba.

Duk da haka, akwai abin da ba na fatan mu kwaikwaya. Da dama daga cikin waɗannan tsoffin garuruwa sun yi kyau har sun rasa mutanensu. A tsohon garin Tallinn 'yan dubbai ne kawai ke kwana, saura otal-otal ne da gidajen abinci da shagunan tsaraba, kuma da rani idan manyan jiragen ruwa suka sauke fasinjoji, da ƙyar za ka ji harshen ƙasar a kan titi. Cikin birnin Kano bai san wannan ciwo ba. Kasuwar Kurmi tana ci, marinar Ƙofar Mata tana da masu rini, makarantun zaure suna karatu a Madabo, yara suna wasa a lungunan Yakasai da Koki. Wannan dukiya ce da Tallinn ba za ta iya saye da kuɗi ba, kuma duk shirin adana tarihi da zai kori mutanen unguwa domin baƙo ya sami wurin ɗaukar hoto, ban goyi bayansa ba.

Misalin da ya fi dacewa da mu, a ganina, yana wani ƙaramin ƙauye ne a gabashin Poland kusa da iyakar Belarus, mai suna Kruszyniany. A can akwai masallacin katako mai koren fenti, na Musulmi Tatar waɗanda kakanninsu suka fara zama a ƙasar Lituweniya tun ƙarni na 14, daga baya sarkin Poland Jan Sobieski ya ba wasunsu filaye a wannan yanki a 1679. Masallacin na ƙarni na 18 ne, kuma ya tsallake yaƙe-yaƙen duniya guda biyu da mulkin kwaminisanci. Akwai ɗan'uwansa a Bohoniki, akwai wasu kuma a ƙauyukan da ke kusa da Vilnius. Al'ummar ba ta da yawa, ba ta kuma da dukiya mai yawa, amma ana sallar Idi a wurin, ana kula da maƙabartar da ke bayansa, kuma idan baƙo ya zo ɗan al'ummar ne ke buɗe ƙofa ya ba shi tarihi.

Abin da nake roƙo ga masu ruwa da tsaki a gida ba ya buƙatar kuɗin Turai. A auna abin da ya rage na ganuwar Kano da ta Zariya da ta Katsina, a ɗauki hotonsa, a rubuta, domin awon da aka ɗauka kafin yaƙi shi ne ya ba Warsaw damar dawowa. A zauna da tsoffin magina, zuriyar irin su Babban Gwani wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, a ɗauki iliminsu na ɗaurin guga, wato bakan ginin da ke riƙe rufin soro, da haɗin makuba tun suna raye, a kuma ba su almajirai da albashi. A ware wani yanki na badala, ko da ɗan guntu ne tsakanin ƙofa da ƙofa, a hana gini a kansa, a sa rana guda bayan kowace damina da masarauta da masu unguwanni da samarin unguwa za su fito gayyar yaɓe. Mu kuma da muke zaune a waje, waɗanda muke tura kuɗin biki da na ginin gida duk wata, muna iya ɗaukar nauyin ƙasar da makubar da ladan maginan shekarar farko.