Mutum-mutumi a tsakar gidan Birnin Kebbi?

Labarin da ake yi cewa mutum-mutumi, wato inji mai aiki da kansa, zai karɓe wa mata shara da wanke-wanke ya yi daɗin ji, amma da gidan wa aka yi lissafin? Na'urar shara irin Roomba, da kamfanin iRobot na Amurka ya fitar tun 2002, ɗaki mai tayil ko kafet take so, ta tsotse ƙura ta koma wurin cajinta. A Birnin Kebbi fa? Tsakar gida rairayi ne, ga tabarma, ga kashin kaji, ga buta an yar a hanya. Da hunturu kuwa, ka share da safe, kafin la'asar ƙura ta dawo. Wutar cajin ma sai an yi sa'a.

Yara suka fi damuna. Shara da wanke kwanuka da aike, nan yaro ke fara koyon zama da mutane. In inji ya karɓe, me za su koya? Balle tuƙa tuwon shinkafa, ko lallashin jariri, ko jinyar kaka. Injin wanki dai na yarda yana rage wa iyayenmu mata wahala, in famfo ya kawo ruwa.