Bakano da Mai Gadin Jininsa

Bakano ya faɗo ɗakin likita yana susa, leɓe ya kumbura suntum. Likitan kuwa Bazazzagi ne.

Bakano: Likita, an yi mini jifa! Maƙwabcina na kasuwa ne, ba na ko tantama.

Likita: Alhaji, zauna tukuna. Me ka ci?

Bakano: Ƙuli-ƙuli ne kawai, shi ma kyauta aka ba ni.

Likita: Ai na sani, da na saye ne da ba ka ci ba. Wannan borin jini ne. Mai jifar taka yana cikin jininka, sunansa IgE.

Bakano: Ɗan wace unguwa ne?

Likita: Mai gadi ne. Garkuwar jikin mutum tana da irinsu kashi biyar, IgG da IgA da IgM da IgD, sai shi. Duk ya fi su ƙaranci a jini, amma ya fi su tada hankali. Asalin aikinsa yaƙi da tsutsar ciki. Naka ne ya ga gyada ya ɗauka ɓarawo ce.

Bakano: Gyada? Ni da kakana ya ɗauki buhu a dalar gyada? Kuma ai bara na ci, lafiya lau.

Likita: A lokacin ya haddace fuskarta. Sai ya je ya maƙale a jikin wasu ƙwayoyin halitta da ke fata da hanci da hanji, yana dako. Yau da ta dawo ya kwarara ihu, su kuma suka fashe da sinadarin histamin. Shi ne ƙaiƙayin nan da kumburin.

Bakano: To a sallame shi! Nawa ne haƙƙinsa?

Likita: Ba ya sallamuwa. Gano shi ma sai a 1966, wani Bajapane Kimishige Ishizaka da matarsa Teruko, a Denver ta Amurka. Wasu masana a Suwidin ma suka gano shi, aka raɗa masa suna a 1968.

Bakano: Da mata da miji? Lallai albashi biyu gida ɗaya.

Likita: Karɓi Piriton, zai tare histamin ɗin, sai dai yana sa barci.

Bakano: Barci ranar kasuwa? Haba likita!

Likita: Saurara, wannan ba wasa ba ne. In ka ji maƙogwaro yana shaƙewa, ko numfashi yana sarƙewa, ko jiri, kada ka tsaya neman ƙwaya. Asibiti kai tsaye, allurar adirenalin ce ke ceton rai.

Bakano: Nawa take?

Likita: Alhaji!

Bakano: Tambaya ce. To, ina da buhu arba'in a shago. Sayarwar ma ya hana?

Likita: Ka sayar, amma kada ka ɗanɗana.

Bakano: Alhamdu lillahi. Likita, ko za a iya ɗibar mai gadin nan kaɗan a sa wa yaran shagona?