Makaɗi a kan hanya: a gida akushi, a Birtaniya alawus

Ayarin wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe da ke zagaya Birtaniya yakan yi wasa takwas a mako. Shida da dare, ƙarfe 7:30, biyu da rana wajen 2:30, galibi Laraba ko Alhamis da kuma Asabar. Daren Asabar ana sauke labule ma'aikata su hau kwance kaya suna lodawa a tirela. Lahadi ranar tafiya ce. Litinin ko Talata makaɗa su shiga sabon gidan wasa, su gwada sauti, su buɗe a daren. Haka mako ke bin mako, wani ayarin har shekara guda. Masu tsara zagayen kuwa ba su duba taswira don jin daɗin makaɗi, abin da suke bi shi ne makon da gidan wasa ke da gurbi. Ana iya tashi daga Plymouth a nufi Aberdeen, tafiyar sama da mil 600, mako mai zuwa a sake gangarowa kudu.

Mu da muka taso muna ganin makaɗan kalangu da 'yan goge suna yawon biki gari-gari mun san wani tsarin daban. A can makaɗi baƙo ne. Wanda ya gayyace shi shi zai nema masa masauki, a shimfiɗa masa tabarma a zaure ko a ba shi shago, kafin ya kwance kayansa an kawo ruwa da fura, da magariba akushi ya fito daga cikin gida. Abin da ba shi da shi shi ne tabbas. Bai san nawa zai tashi da shi ba sai an watse, don samunsa na hannun masu liƙi da halin mai biki. A nan Birtaniya an juya lamarin. Akwai kwantiragi a rubuce, akwai ƙungiyar makaɗa da ke daidaita mafi ƙarancin albashi da masu gidajen wasa, akwai alawus na tafiya da ake biya a kan albashi. Amma ba mai tambayarka ko ka ci. Ra'ayina shi ne tsarin nan ya fi kare haƙƙin makaɗi da mutuncinsa, namu kuma ya fi sanin cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ya shigo aikin nan daga gida yana zaton wani zai kula da cikinsa, zai rame kafin wata uku.

Alawus ɗin ɗaya ne, daga cikinsa za a biya wurin kwana, a ci abinci. Otal yana cinye shi tas, shi ya sa yawanci ake kama ɗaki a gidajen mutane masu saukar 'yan wasa, abin da suke kira digs. A nan ake fara yin kuskure. Mutum ya duba kuɗin ɗaki kawai, ya isa ya tarar ba a yarda ya taɓa murhu ba. Kafin a biya ko kwabo a tambayi mai gida: an yarda a yi girki, ko dai ɗumama abinci kawai? Akwai gurbi a firji? Ƙarfe nawa ake kashe na'urar ɗumama ɗaki? Dawowa sha ɗaya da rabi na dare zai dame shi? Akwai kare, kuma yana shiga ɗakunan kwana? Sai nisa. Ɗakin da ya fi araha amma motar haya ta ƙarshe ke wucewa kafin a tashi daga wasa, kuɗin tasi na dare shida zai mayar da shi mafi tsada.

Ranar Lahadi tana da tarkonta. A Ingila da Wales dokar 1994 ta taƙaita manyan kantuna ga awa shida kacal a ranar, yawancinsu sun rufe zuwa huɗu ko biyar na yamma. Ita ce kuma ranar da aka fi gyaran layin dogo, a sauke fasinja a saka su a bas. Makaɗi ya iso sabon gari ƙarfe bakwai, a gajiye, ba abin da ke buɗe sai ƙananan shaguna masu tsada. Maganinsa cefanen Asabar, tsakanin wasan rana da na dare: ƙwai, burodi, albasa, kifin gwangwani, abin da zai kai mutum safiyar Litinin. A Sukotlan babu wannan dokar, can ana samun sauƙi.

Babbar matsalar ita ce lokaci. Hausawa mun saba abinci mai nauyi na dare ne, a ci tuwo bayan magariba a kwanta bayan isha. Makaɗin gidan wasa a daidai wannan lokacin yake bakin aiki. Ana kiran kowa minti 35 kafin ɗaga labule, wato 6:55 dole ya kasance cikin ginin, sanye da baƙaƙen kaya. Ramin makaɗa da ke ƙasan dandamali ba a shiga da abinci, sai ruwa a gora mai murfi, saboda wayoyin lantarki da ke shimfiɗe ko'ina. Hutun tsakiya minti 15 ne zuwa 20. Ba a fitowa sai goma ta wuce.

Wanda ya cika ciki ƙarfe shida zai yi ta fama da gyangyaɗi a sashen farko, a cikin rami mai duhu da ɗumi, kuma a aikin nan ƙirga shiru ya kai bugawa muhimmanci: ka zauna kana ƙirga ma'aunin kiɗa talatin ko arba'in, ka shigo daidai kan bugu. Mai busa ya fi kowa shan wahala, don cikakken ciki yana tare numfashi, ga maiƙo da sukari da ke bin iska su manne a cikin abin busa har maɓallai su riƙa liƙewa. Dole ya wanke baki kafin ya ɗauki kayansa. Wanda kuma ya ƙi ci ya bari sai an tashi, zai faɗa shagon kebab sha ɗayan dare, ya kwanta da shi, ya tashi da ƙwannafi. Ga mai waƙa wannan ba ƙaramin abu ba ne, ruwan cikin da ke tasowa yana ƙona maƙogwaro har murya ta dushe. Abin da ya fi aiki shi ne a mayar da tuwon dare na rana. Babban abinci tsakanin ɗaya da uku. Wajen 5:30 abu mara nauyi, kamar ƙwai biyu da burodi ko ayaba da gyaɗa. Bayan wasa kunu ko shayi da ɗan abin taɓawa. Ranar wasa biyu a ci babban abincin sha ɗaya da rabi na safe, a tafi da na yamma a kula, don tazarar da ke tsakanin wasannin ba ta isa a koma masauki ba.

Guzurin gida ma ya sha bamban. Kilishi da dambun nama, waɗanda suka raka matafiyanmu tun zamanin fatake, doka ta hana shigowa da su Birtaniya a jaka. Nama da kayan madara daga Najeriya ko Nijar, jami'an kwastan ƙwacewa suke yi. Amma kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, garin rogo, ana samun akasarinsu a shagunan 'yan Afirka a Landan, Manchesta, Birmingham da Leeds. Sai a cika jaka a manyan garuruwa kafin makon Llandudno ko Inverness, inda ba lallai a samu ba. Kowanne a zuba a roba mai murfin da ke kamawa, daddawa kuwa roba biyu, ɗaya cikin ɗaya.

Tuwo a na'urar ɗumama abinci yana yiwuwa. Kofi ɗaya na niƙaƙƙiyar shinkafa ko samolina, ruwan sanyi kofi biyu, a dama sosai tun kafin a saka. Minti uku, a fito a tuƙa, a ɗan yayyafa ruwa, a mayar minti biyu, a sake tuƙawa. Da ruwan zafi aka fara, gudaji za a samu. Miyar kuka ta mutum ɗaya: ruwa kofi biyu, albasa, daddawa kaɗan, gwangwanin kifi ɗaya, a tafasa, a rage wuta, a riƙa barbaɗa kuka cokali biyu ana kaɗawa da cokali mai yatsu. Miyar gyaɗa kuwa tunkuzar kwalba ta wadatar, muddin an duba ba a sa mata sukari ba, a haɗa da daskararren alayyafo. Abu biyu ke ɓata zama da mai gida. Na farko ƙamshin daddawa, wanda a hancinsu ba ƙamshi ba ne, don haka a buɗe taga, a rufe ƙofar kicin, a yi girkin da rana. Na biyu soya manja har ya yi hayaƙi. Kusan kowane gida da na'urar jin hayaƙi a rufi, kuma ba ta da haƙuri.

Shinkafa tana bukatar kulawa ta musamman, don ita aka fi dafawa da yawa a ajiye. Akwai ƙwayar cutar da tafasa ba ta kashe irinta, idan shinkafa ta jima a ɗumin ɗaki sai ta hayayyafa ta saki guba, kuma ɗumamawa ba ya kawar da gubar. Hukumar abinci ta ƙasar ta ce a sanyaya ta cikin awa ɗaya, kada ta wuce kwana ɗaya a firji, a ɗumama sau ɗaya tak. Robar shinkafa da ta wuni a jaka kusa da na'urar ɗumama ɗakin shiri ta isa ta kwantar da mutum, a nemo wani ya zauna masa a kujera.

Duk da haka ba na goyon bayan wanda zai zagaya ƙasa kaf bai ɗanɗana komai ba sai tuwonsa. Makaɗin da ya je Agadas ko Ilori a da, abin da aka kawo masa shi yake ci, ta haka yake sanin gari. Bambancin nan shi ne sai an yi tambaya. Doka ta tilasta bayyana abubuwa 14 masu tayar da borin jiki, kamar gyaɗa da madara da ƙwai, amma alade ba ya cikinsu. Kitsen alade yana ɓuya inda ba a zato: a cikin ɓawon Cornish pasty na yankin Plymouth, a burodin buttery na Aberdeen, a wasu Welsh cakes na Cardiff. Stottie na Sunderland da Newcastle burodi ne mai kyau, amma abin da aka saba cusa masa naman alade ne da dafaffen wake wanda sau da yawa da romon aladen aka dafa. Alamar abincin masu ƙin nama tana kawar da shakkar kitse, ba ta kawar da ta giya.

Abin da za a ci da kwanciyar hankali yana da yawa. A Hanley da ke birnin Stoke-on-Trent, kusa da gidan wasan Regent, akwai oatcake, fanke mai laushi na garin oat da yis, ana naɗe shi da cuku, amma shagunansa da wuri suke rufewa, abincin safe ne. A Sukotlan a nemi Cullen skink, miyar banda ta kifi da dankali da albasa da madara, ta dace da abincin 5:30. Kifi da soyayyen dankali a garuruwan bakin teku ya fi na ko'ina, sai dai a tambayi man da aka soya da shi, don a Yorkshire da yawa kitsen shanu suke sa wa, wasu kuma suna kwaɓa fulawar da giya ko su soya tsiran alade a kasko ɗaya. Makon Bradford da na Birmingham kuwa hutu ne ga Musulmi. Gidan wasan Alhambra na tsakiyar Bradford, garin da abincin Pakistan ya cika, Hippodrome na Birmingham kuma taku kaɗan ne daga kasuwar Bull Ring mai mahauta na halal. Nan ne wurin sayen nama a dafa, idan masauki na gaba na da firji.

Salla da azumi su ma sai da lissafi. A watan Disamba azahar, la'asar da magariba duk suna faɗawa tsakanin sha biyu da huɗu, wasan rana ya haɗiye biyu daga ciki idan ba a shirya wa hutun tsakiya ba. A watan Yuni a Aberdeen rana ba ta faɗuwa sai wajen goma, idan azumi ya faɗo a lokacin, mai azumi ya yi wasan gaba ɗaya da ƙishi. Mai bin mazhabar Malikiyya kuma ya san niyyar zaman kwana huɗu tana yanke kasaru, zaman mako guda ya wuce haka. Manajan ayari yakan samar da wurin salla idan an faɗa masa tun ranar farko. Rashin rana ma matsala ce ga mai wuni a rami: hukumar lafiya ta ƙasar tana ba masu duhun fata shawarar shan bitamin D, maikirogiram 10 kullum, duk shekara.

Kayan kiɗan fata suna shan wahala irin ta masu su. Danshin tirela yana sake fatar ganga, busasshen zafin gidan wasa ya ɗaure ta har ta tsage. Kalangu ko goge ba a barin su a mota su kwana, ba a jingina su da na'urar ɗumama ɗaki don a gaggauta, a bar su awa guda a cikin jaka su saba da ɗakin kafin a buɗe.

Abin da nake so ƙungiyoyinmu na gida su ɗauka daga nan shi ne rubutu. Mai gayyatar makaɗa daga Kano zuwa Abuja ko Yamai ya rubuta kuɗin mota, kuɗin kwana da na abinci daban da ladan aiki, ya biya kafin a tashi, yaran makaɗi masu amshi da masu ɗaukar kaya kowa da nasa kason a hannunsa, ba sai abin da maigida ya ga dama ba. Wannan ba zai hana a fito da akushi ba. Su kuma ayarin nan, da za su ware tukunya ɗaya ta kowa a ranakun wasa biyu, kowa ya zuba fam uku ko huɗu a dafa shinkafa da miya a masaukin mai babban kicin, da sun ci abin da ya fi sanwicin kanti mai sanyi a kusan kuɗi ɗaya.