Kuzbarar Rijiya

Zan fita ke nan uwargida ta ce, "Malam, in za ka dawo ka taho mana da kuzbara, yau dafa-duka zan yi." Na ce to. Kuzbara dai wani ganye ne mai ƙamshi da ake sawa a girki.

Ni direba ne a garin Abha na Saudiyya, ranar kafilina, wato maigidan da nake wa aiki, ya yi baƙi sai na kwashe su muka haura wajen Suda, tsaunin nan mai kusan mita 3000, muka gangara Raida, dajin da gwamnati ta killace, ko'ina itatuwan ar'ar da hazo, ga sanyi kamar ba a Saudiyya ba. Suna ta ɗaukar hoto ni kuma ina ta hamma, sai na ji wani baƙo ya tsuguna gaban wani dutse mai tsattsafo yana ta mashaAllah, wai ya ga kuzbaratul bi'ir, wato kuzbarar rijiya. Kuzbara! Nan take saƙon uwargida ya faɗo min.

Na leƙa, wallahi ganyen sak na kuzbara, sai dai sandarsa baƙa ce siririya kamar gashi. Baƙon yana ta bayani wai dangin sarkhas ne, ba ya fure ba ya 'ya'ya, wani gari-gari ne a ƙarƙashin bakin ganyen yake zama irinsa, kuma a ƙasa mai fari irin wannan sai a lungun da ruwa ba ya yankewa ake dacewa da shi. Ni duk ban ji wannan ba, riyal biyun da zan rage kawai nake lissafi.

Suna juya baya na tsinko na cusa a leda. Ko ƙamshi babu fa, na ce ƙila na daji haka yake.

Sai ga mai gadi daga nesa, "Ya Hajji! Mamnu'!" Wato an hana. Cikina ya ɗuri ruwa, na hango tara, na hango iƙamata, har jirgin Kano na hango. Kafin ya iso wani gwaggon biri ya diro daga kan dutse ya fizge ledar, ya zaci burodi ne. Ya buɗe, ya shinshina, ya kalle ni wani irin kallo da ko surukata ba ta taɓa yi min ba, ya wurga ta kwazazzabo.

Mai gadin dariya ta hana shi faɗa, gargaɗi kawai ya yi min.

Da daddare uwargida ta ce, "Malam, ina kuzbarar?" Na ce biri ya ƙwace. Har yau ba ta yarda ba.