Harajin Coci a Jamus da Kwanon Baiko na Gida

Da na sauka a jihar Bavariya ta Jamus, na je ofishin rajistar mazauna gari kamar yadda doka ta wajabta, kuma a takardar da aka miƙo mini akwai gurbin da ake tambayar addini. Ban yi wata-wata ba na rubuta ɗarikata, domin a inda na fito mutum ba ya ɓoye bangaskiyarsa. Sai da albashin farko ya shigo na gane cewa wannan rubutu ya sanya ni cikin masu biyan harajin coci, wanda ake cirewa tun kafin kuɗin ya iso hannun ma'aikaci.

Harajin kashi 8 ne cikin ɗari na harajin kuɗin shiga a Bavariya da Baden-Württemberg, kashi 9 a sauran jihohi, kuma tushensa yana cikin tsarin mulkin Jamus na 1919, da ake kira na Weimar, wanda aka riƙe wannan sashe nasa a tsarin mulkin 1949. A nan Bavariya akwai kuma wasiƙar da take zuwa sau ɗaya a shekara tana neman wani ɗan kuɗi na dabam, wanda ake kashewa a ikilisiyar unguwa kaɗai. Ba ni da ja a kan amfanin kuɗin, domin na ga makarantun renon yara da gidajen tsofaffi da majami'u suke gudanarwa, na kuma tuna da mai bisharar ƙauyenmu, wanda yakan jira kaka kafin a tara masa dawar da zai ciyar da iyalinsa.

Abin da yake damuna shi ne halin wanda lamirinsa ya hana shi biya. A Jamus ba shi da wata hanya sai ya je ofishin gwamnati, ya biya kuɗin takarda, ya sa hannu cewa ya fita daga coci. A watan Satumba na 2012 bishof-bishof na Katolika a ƙasar suka zartar cewa wanda ya yi haka ba zai karɓi Jibin Ubangiji ba sai idan yana bakin mutuwa, ba zai tsaya wa yaro a baftisma ba, kuma ana iya hana shi jana'izar coci idan ya mutu bai tuba ba. A wannan watan ne kuma kotun tarayya da ke Leipzig ta yanke hukunci a shari'ar Hartmut Zapp, farfesan dokokin coci daga Freiburg, wanda ya so ya fita daga coci a matsayinta na hukuma mai karɓar haraji amma ya zauna cikin jama'ar masu bi. Kotu ta ce gwamnati ba ta san rabin fita ba.

A 2022, shekarar da aka fitar da rahoto kan cin zarafin yara a babbar dayosis (yankin da babban bishof yake shugabanta) ta Munich da Freising, 'yan Katolika fiye da 520,000 suka fita. Ɗaya daga cikinsu abokiyar aikina ce, mace mai addu'a, wadda ta gaya mini cewa ba za ta iya ba da kuɗinta ga shugabannin da suka rufe irin wannan ɓarna ba. A ganina ba ta bar Almasihu ba, kuma zalunci ne a auna bangaskiyarta da takardar haraji.

Sai dai kafin mu nuna Turawa da yatsa, ya kamata mu dubi namu. A gida babu dokar da ta tilasta baiko ko zakka ko godiyar kaka, amma a ikilisiyar da na tashi akwai katin da ake rubuta abin da kowa ya bayar, akwai kason da gunduma take ɗora wa kowace majami'a, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Na taɓa ganin an tsai da shirin jana'izar wata tsohuwa har sai da 'ya'yanta suka cike gurbin katinta. Abin da gwamnati take yi a nan da doka, kunya ce take yi mana shi a can. Bambancin da na gani shi ne, a gida mutum yana iya zama da dattawan ikilisiya ya faɗi uzurinsa, sau da yawa kuma a saurare shi, alhali a nan ma'aikacin ofis ba shi da ikon sauraron uzuri.

Italiya ta nuna cewa akwai wata hanya: kowane mai biyan haraji yana zaɓar inda kashi 8 cikin dubu na harajin kuɗin shiga zai tafi, ko ga gwamnati ko ga wata ɗarika, kuma zaɓin nasa bai shafi zamansa ɗan coci ba. Da Jamus za ta bar mai ƙorafi ya karkata kuɗinsa zuwa ikilisiyar unguwarsa ko wani aikin jinƙai, da mutane da yawa ba su sa hannu a takardar fita ba.

Ni dai ina ci gaba da biya, kuma kuɗin ikilisiyar unguwa ya fi kwanta mini a rai, domin na ga rufin da aka gyara da shi. Abokiyar aikina kuwa har yanzu tana zuwa sujada ranar Lahadi, tana zama a bencin baya, kuma idan aka tashi karɓar Jibi ba ta tashi.