Kwalbatin Layinmu da Kasafin Kuɗin da Ba Mu Taɓa Gani Ba

Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai zan amayar da ita.

Daminar da ta wuce sau biyu ruwa yana shiga gidaje a layinmu, saboda kwalbatin bakin titi ya rufta, ruwa ya rasa hanyar wucewa. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, Inna muke ce mata, bangon ɗakinta ya zube, Allah ya taƙaita tana tsakar gida a lokacin. Muka haɗu mu bakwai har da mai unguwa da liman, muka tafi wurin kansilanmu. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya saurare mu, sannan ya dubi liman ya ce, "Allah gafarta Malam, na ga wurin da idona, amma babu shi a kasafin bana." Na fito raina a ɓace, na ɗauka dabarar sallama ce. Sai da na kwana biyu ina juya maganar na gane cewa gaskiya ya faɗa. A watan Agusta muka je masa, alhali takardar da za ta ɗauki kwalbatinmu tun Disambar bara aka rufe ta, lokacin hunturu, sa'ad da babu mai tunanin ruwan sama.

Shekarar kuɗin gwamnati daga Janairu take farawa ta ƙare a Disamba, amma girkin tun tsakiyar shekarar da ta gabata ake ɗora shi. A matakin jiha, ma'aikatar kasafi da tsare-tsare ke aika wa sauran ma'aikatu takarda kowa ya kawo ƙiyasinsa, su zo su kare shi, majalisar zartarwa ta amince, gwamna ya kai majalisar dokoki, kwamitoci su tantance, sannan a sa hannu ya zama doka. A ƙaramar hukuma ma kusan haka ne: shugabannin sassa, na ayyuka da lafiya da noma da sauransu, su haɗa nasu, ciyaman ya gabatar wa majalisar kansiloli. Kasafin kuma gida biyu ne. Akwai na yau da kullum, wato albashi da man mota da takardun ofis, akwai na manyan ayyuka. Kwalbati da rufin aji da rijiyar burtsatse duk a gida na biyun suke, kuma shi ne ake fara yankewa idan kuɗi suka gaza.

Mu a Kano akwai ƙarin wani ƙulli. Birnin da muke kira ɗaya ba shi da magajin gari ɗaya mai kasafi ɗaya. An raba shi tsakanin ƙananan hukumomi takwas daga cikin 44 na jihar: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Ruwan da ya taso daga wata unguwa bai san iyakar ƙaramar hukuma ba, gangarawa kawai yake yi. Ga kuma gwamnatin jiha da take riƙe da manyan tituna. Shi ya sa talaka ba ya ma sanin ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Amma tsarin mulkin 1999 bai ɓoye komai ba, jadawalinsa na huɗu ya lissafa wa ƙaramar hukuma kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu da kwashe shara da magudanun ruwa da titunan cikin unguwa, ya kuma ba ta hannu a firamare da kiwon lafiya. Duk abin da ke damun mu daga fitowa ƙofar gida yana cikin wannan jerin.

Kuma ba wai babu kuɗi ba ne. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna da kashi 20.60 cikin ɗari na rabon asusun tarayya. Shekara da shekaru kuɗin suna bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura musu kai tsaye. Na yi murna da hukuncin, har yanzu ina goyon bayansa. Sai dai in faɗi gaskiyar zuciyata, kuɗin da babu idon jama'a a kansu, ko ta wace hanya suka bi, hannu kawai suka sauya.

Na sha tambayar kaina me ya sa ba ma jin kuɗin nan namu ne. Iyayenmu da suka biya haraji da jangali a zamanin En'e sun san zafin kuɗin da ke shiga baitulmali, domin daga aljihunsu dagaci ya karɓa, wani sai ya sayar da akuya. Da Abubakar Rimi ya hau mulki a 1979 ya soke harajin, talakawa suka yi ajiyar zuciya, kuma sun cancanci wannan sauƙin. Amma tun da kuɗi suka koma zuwa daga Abuja a ƙarshen wata, sai muka riƙa kallon su kamar kuɗin wasu. Alhali kullum biya muke yi: harajin kayan masarufi yana cikin farashin abin da muke saya, mai rumfa yana yankar rasit, ɗan adaidaita sahu yana biyan nasa. Mai biya yana da bakin tambaya.

Ba mafarki nake yi ba, an gwada a wasu wurare. A birnin Porto Alegre na ƙasar Brazil, tun 1989 zamanin magajin gari Olívio Dutra, aka raba gari shiyya 16, mazauna kowace shiyya su taru su jera buƙatunsu, su zaɓi wakilan da za su bi maganar har cikin kasafi. Unguwannin talakawa da aka manta da su suka samu famfo da magudanai da kwalta, domin su suka fi cika zauren. Nan maƙwabtanmu Kaduna ma sun fito da tsarin da al'umma ke rubuta buƙatunta tun daga mazaɓa kafin a haɗa kasafin ƙaramar hukuma.

Na san wani zai ce ai ana kiran taron jin ra'ayin jama'a. Ana yi, na taɓa halartar ɗaya. A ɗakin taro na otal aka yi shi, ranar aiki da safe, rabin jawaban da Turanci, kuma takardar an riga an buga ta. Mata ba su kai cikin cokali ba, alhali su ne ke kwana a asibitin sha-ka-tafi da yaro a baya, su suka san ranar da babu magani. Abin da nake roƙo ba shi da tsada: a yi taron a kowace mazaɓa, Kano 484 gare ta, a filin firamare bayan la'asar, da Hausa, kafin a rubuta kasafi. Idan an amince da shi kuma a liƙa jerin ayyukan da kuɗin kowanne a sakatariya da ƙofar gidan mai unguwa, a karanta a rediyo.

Mu dai a layinmu ba za mu jira a kira mu ba. Mun zauna a zauren mai unguwa, mata ma sun yi nasu zaman sun aiko da wakilai biyu. An yi gardama sosai, domin matasa fitilun titi suke so a gaba, amma daga ƙarshe aka tsaya a kan abu uku: kwalbatin, rufin azuzuwa biyu na firamare, da gyaran burtsatsen asibiti. Mun rubuta, kowa ya sa hannu, Inna ta dangwala. Za mu kai wa kansila kwafi, mu kai ɗaya ofishin ciyaman a buga mana hatimin karɓa, mu riƙe ɗaya. Wani malamin makaranta a cikinmu ya ɗauki nauyin zuwa zauren kansiloli ranar da za a gabatar da kasafin, ya ji ko sunan layinmu ya fito.